Allon da Aka Kafa a Tsallaken Titi

Tun da ƙwaƙwalwar Baba ta fara yoyo, abubuwa suke ta zurarewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan ci abinci ya wanke hannu, sannan ya tambayi 'yarsa Auta ko yau ba za a ba shi komai ba ne. Yakan nemi hularsa alhali tana kansa. Wata rana ya zauna ya zuba wa rediyo ido, ya rasa ta inda ake kunna ta, shi da ya yi shekaru yana kwana da ita a kunne. Amma akwai abu guda da bai zube ba, wato hanyar rijiya. Da hantsi ya ɗaga sai ya zura takalmi ya ce, "Bari in leƙa rijiya in dawo."

Rijiyar kuwa babu ita, unguwar ma babu ita. Mahaifin Baba yana cikin leburorin da suka zo shimfiɗa layin dogo lokacin da wurin yake fili fetal, ko bukka babu. Su suka haƙa rijiyar, suka kewaye ta da gidaje, har wurin ya zama unguwa. A nan aka haifi Baba, a nan ya yi sana'arsa ta gyaran keke, a nan ya yi aure, daga nan kuma aka ɗauki gawar matarsa, lokacin Auta ko rarrafe ba ta fara ba. Ba a daɗe ba aka zo faɗaɗa titi. Aka rushe gidajen, aka rufe bakin rijiyar da kankare, mutanen unguwa kowa ya kama gabansa. Yanzu abin da ke wurin titi ne mai hannu biyu, da jerin shaguna, da wani wurin wankin mota da kullum ruwan kumfa ke malala a gabansa.

Gefen wurin wankin motar nan Baba yakan je ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya taka nan, ya taka can, yana 'yan maganganunsa. "Nan take... a'a, kamar dai can gaba kaɗan." In ya gaji sai ya juyo gida, ya shigo yana share gumi ya ce, "Auta, yau ma ban same ta ba. Ba ni ruwa." Ya sha, ya dube ta ya gane ta sarai, har ya tambaye ta ya aiki. Ita kuwa abin yana ci mata rai, ganin tsoho yana neman abu a cikin rana kullum, yana dawowa hannu rabbana.

Auta tana aiki ne a ofishin adana tarihi na garin, a wani ɗan ɗaki na saman bene mai warin tsofaffin takardu. Ita ke tsara kalmomin da ake zubawa a allunan ƙarfen da ake kafawa a wuraren tarihi: inda tsohuwar kasuwa take, inda aka gina makarantar farko, inda kwale-kwale ya taɓa kifewa da mutane. Mace ce mai kunya, wadda ko a taron ofis ba a jin muryarta sai an ce ta maimaita. Amma a kan maganar rijiyar nan sai da ta cire kunya ta yi ta sintiri a ofishin Darakta har ya gaji ya sa hannu a kafa wa rijiyar allo. Ta zaro tsohuwar taswirar unguwar daga aljihun tebur, ta ɗora ta a kan sabuwa a jikin gilashin taga, hasken rana ya ratsa su duka biyun. Bakin rijiyar ya faɗo daidai kusurwar wurin wankin motar. Ta sa jan biro ta zagaye wurin, ta miƙa.

Ranar buɗe allon ta gyara wa Baba rigarsa ta fita, ta riƙo hannunsa suka taho. Suna isowa wurin wankin motar ta ga babu kowa sai masu wanki da tiyonsu. Da ta ɗaga kai sai ta hango rumfa da fararen kujeru a tsallaken titi, a gaban wani banki, inda aka shuka ciyawa aka kewaye da gajeren shinge. Nan ta gane a can aka kafa allon. Suka hau gadar sama suka tsallaka, Baba yana hutawa a kowane hawa.

Aka yi jawabai, aka ja ƙyalle, aka tafa. Allon shuɗi ne da fararen haruffa, a kan ginshiƙin siminti mai tsayin ƙirjin mutum. Da jama'a suka ragu Baba ya matsa, ya ɗora yatsa a kan haruffan yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa a fili: a nan ma'aikatan layin dogo suka haƙa rijiyar da ta shayar da waɗanda suka fara zama a wannan yanki.

"Ashe nan take," in ji shi. "Shi ya sa! Ni ina can tsallake ina ta wahalar da ƙafafuna a banza."

"Baba, ai..."

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"To shi ke nan. 'Yata ba ta ƙarya, ƙarfe kuma ba ya mantuwa. Ni ne na ruɗe."

Fuskarsa ta washe irin yadda ta daɗe ba ta gani ba. Darakta yana gefe yana gyara hula don a ɗauki hoto. Auta ta fasa gaya masa cewa ba nan rijiyar take ba. Ta ce a ranta, titi ɗaya ne kawai tsakani, me zai ɓaci?

Ba a yi mako ba, tana ofis wayarta ta yi ƙara. Mai jaridar da ke zama a gindin gadar sama ne, wanda ya san su tun tana 'yar makaranta. "Auta, bar abin da kike yi ki zo. Tsohonki yana tsakiyar titi."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Tun daga nesa take jin hon ɗin motoci. Da ta iso sai ta ga Baba a tsaye a kan kwalta, daf da shingen da ya raba hannayen titin biyu. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, kamar yadda mutum ke yi a ƙofar ɗaki. Mai jarida yana bayansa yana kaɗa jaridu a iska don motoci su kauce. Wani direban bas ya leƙo da kai yana zage-zage: "Tsoho, in mutuwa kake nema je ka nemi tirela, ni ina da iyali!"

Baba bai ji shi ba. Ya ɗan rusunar da kai, ya dubi iskar da ke gabansa ya ce, "Salamu alaikum." Ya saurara. Ya sake cewa, "Salamu alaikum, masu gida."

Auta ta kama hannunsa. Shi kuwa ko gezau.

"Ba sa amsawa," ya ce mata a hankali, kamar mai gudun maƙwabta su ji. "Ga ƙofa a buɗe, ga labule, amma ba sa amsawa. Ko na yi laifi ne?"

"Baba, titi ne nan. Zo mu tafi."

"Wane irin titi? In ka ba rijiya baya ka fuskanci gabas, ka wuce rumfar maƙeri, ka bi ta jikin katangar mai wanki, ƙofar farko ita ce tamu. Ni za ki koya wa hanyar gidana?"

Sai da ta haɗa ƙarfi da mai jarida suka janye shi. A bakin titi, tana sa masa takalmi, taswirar nan ta dawo mata a ido. Baba bai kuskure ko taku ɗaya ba. Gabas ɗinsa daidai ne, nisan da ya yi daidai ne. Inda ya faro ne ba daidai ba. An ɗauke masa rijiya an kai tsallake, sai unguwar duka ta biyo ta, da maƙerinta da mai wankinta, ƙofar gidansu ta faɗo a tsakiyar kwalta. Mai jarida ya ce ya lura da shi: yakan hau gadar sama lafiya lau, yana kaffa-kaffa da motoci kamar kowa, amma da ya taɓa allon nan ya juya, sai ka ce an ɗauke motocin daga duniya.

Yaya, babban wansu, ya zo da yamma da kwaɗo sabo fil a aljihu. Mutum ne mai saurin yanke magana.

"Ke da karatunki kika jawo mana wannan," in ji shi yana ɗaura sakata a ƙofar gidan ta waje. "Da yana yawonsa, ya je ya dawo, ba ruwansa da kowa. Kika ce sai kin nemo masa rijiya. To ga ta nan kin samo."

"Yaya, ba a wurin aka kafa ba. Ni..."

"A wurin ne, ba a wurin ba ne, ni dai ba zan tsaya a kira ni in zo in kwashi ubana a kan kwalta ba. Riƙe makulli. In za ki fita ki kulle, in kin dawo ki kulle."

Baba bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Da hantsi ya yi sai ya sa hula ya sa takalmi, ya je bayan ƙofar ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa. "Masu gida, a buɗe mini. An bar ni a waje." Yana cikin gidansa, ga tabarmarsa, ga butarsa, ga 'yarsa a bayansa, amma yana roƙon a buɗe masa ya shiga. Haka zai yi ta yi har rana ta take, ƙafafunsa su gaza, ya sulale ya zauna a jikin ƙofar. Auta ta kawo abinci ya kawar da kai. "Sun ajiye mini nawa a can," in ji shi. Kwana kaɗan wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina kiran sunanta. In ta shigo ɗaki sai ya bi ta da kallo irin na wanda aka ajiye a gidan baƙi.

Wata safiya ta buɗe ƙofa za ta zubar da shara, kafin ta juyo ya fice. Mai jarida ne ya cafke shi a bakin kwalta, amma sai da madubin wani babur ya yage masa fatar hannu. Tana wanke masa ciwon da ruwan ɗumi ta gane inda ta tsaya: in ta buɗe, titi ya cinye shi, in ta kulle, yunwa ta cinye shi.

Ta sami Darakta yana shan shayi a ofis. Mutum ne mai fara'a, ba ya son abin da zai ɓata masa safiya.

"Malama Auta, allo don masu karantawa ake kafa shi," ya ce bayan ta gama kame-kamenta. "Can akwai inuwa, akwai wurin ajiye mota, hoto ma ya fi fita. Wa zai tsaya a cikin ruwan kumfa yana karanta tarihi? Kuma an riga an buɗe, manya sun tafa. Tarihi ai ba ya ƙaura don an matsar da ginshiƙi."

Ta dubi ƙasa. Sannan ta ji muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Yallaɓai, mota za ta kashe mahaifina."

Ya ajiye kofin. Ta ba shi labari tun daga farko, har da takalman da aka jera a kan kwalta.

"Ni taswirarki na miƙa wa magini, yadda kika zana," in ji shi daga baya. "Da na ga inda ya kafa sai na ɗauka ke kika sake shawara. Je ki same shi. In allon ya tashi daga can, ni ban gani ba, ban ji ba."

Filin maginin yana bayan tashar manyan motoci. Ginshiƙan da ya zuba suna jere a rana suna bushewa, duk tsayinsu ɗaya, babu allo a kan ko ɗaya, sai ka ce mutane marasa kai suna jiran mota. Shi kansa ƙaton mutum ne mai yawan dariya, gashin hannunsa duk siminti.

"A'a, 'yar ofis! Yau kuma wane mataccen za mu kafa wa allo?"

Da ta ambaci rijiyar sai dariyar ta ɗauke. Ya goge hannu a wando, ya jawo mata bulo ta zauna.

"Na je inda kika zagaye," in ji shi. "Na fasa kankaren kamar faɗin tafin hannu, na sa dogon ƙarfena zan gwada ƙasar. Bugu ɗaya na yi, ƙarfen ya tafi. Daga hannuna ya sulale. Na tsaya ina jira in ji ya faɗa a kan wani abu, ko ruwa ko dutse. 'Yar ofis, har yau ban ji ba. Sai wata iska mai sanyi da ta buso mini a fuska, da tsakar rana fa, ina gumi. Na ce a'a, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na toshe ramin da siminti, na tattara kayana na tsallaka."

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"In faɗi me? A aikinmu ba a dasa ginshiƙi a kan rami. In ƙasa ta ƙi, sai ka nemi mai tauri mafi kusa ka dasa, haka na tarar ana yi. Kin ga allon tsohuwar kasuwa? Bututun ruwa na tarar a wurin, na matsa gaba. Na makarantar farko, mai shagon ne ya ce zai tare masa ciniki, na kai shi lungu. Na kwale-kwalen da ya kife kuwa, so kike in kafa shi a cikin kogi? Duk garin nan da wuya ki sami wanda ke tsaye a kan abin da yake faɗa. Kuma ba wanda ya taɓa zuwa ƙorafi. Masu wurin ai sun mutu."

"Saura ɗaya," in ji Auta.

Ta gaya masa halin da Baba yake ciki. Tana magana tana kallon ginshiƙan nan. Ta tuna duk allunan da ta rubuta da hannunta, kowanne yana cewa a nan ne, a nan ne, kowanne kuma a gefe yake. Ta ga garin gaba ɗaya an ɗan ture shi daga mazauninsa, mutanen da suna dawowa suna bin rubutunta, suna sallama a ƙofofin da ba nasu ba.

Magini ya sosa ƙeya. "Ginshiƙi dai ba zan dasa a wurin ba, ko za a yanka ni. Amma akwai katanga daf da ramin. Allo ba dole sai da ƙafa ba. In mai wurin ya yarda, sai in kwance shi in ɗaure a jikin bango."

Mai wankin mota bai ja magana ba. "In dai ba za a ce in daina zuba ruwa ba, ku ɗaura har da agogo," in ji shi. "Tsohon nan ai abokina ne. Tun da ya daina zuwa nake jin wurin wani iri."

Da sassafe magini ya kwance allon, ya bar ginshiƙin a gaban banki tsirara. Ya huda katangar ya ɗaure shi da kusoshi huɗu a kusurwar wurin wankin. Da hantsi ya ɗaga Auta ta buɗe kwaɗon. Baba yana tsaye a bayan ƙofar da hularsa. Ya dube ta, ya dubi hanya, ya fita. Ta bi shi tana tallafe da gwiwar hannunsa, don ƙafafunsa sun yi laushi. Da suka iso ya nufi gadar sama, sai ta riƙe shi.

"Baba, ba sai ka tsallaka ba. An dawo da ita."

"Wa?"

"Rijiyar."

"Rijiya tana tafiya ne?" Ya yi wata 'yar dariya, ta farko tun da aka kulle shi.

Ta kai shi gaban katangar. Ya ɗora yatsa a kan haruffan ya karanta har ƙarshe. Ya waiwaya ya dubi tsallake, ya sake duban allon, ya girgiza kai.

"Jiya ƙarfe ya ce can, yau ya ce nan. Wanne zan kama?" Ya zame hannunsa daga nata. "Bari in je inda na san na bar ta."

Auta ta dubi magini, wanda ke tsaye a gefe da kayan aikinsa. Magini ya dubi ƙasa, inda simintin da ya toshe ramin da shi ya fi sauran haske. Ya yi tsaki a hankali, ya yi bismillah, ya durƙusa da guduma da kurfin fasa kankare. Mai wankin mota ya kashe injinsa. Da simintin ya fashe, gutsattsarin suka zube ciki, ba a ji saukarsu ba. Magini ya ja da baya da sauri yana karkaɗe gwiwa.

Iskar ta fito. Auta ta ji ta a idon sawunta tukuna, sanyi kamar an buɗe randa. Sannan warin ya iso: jiƙaƙƙen yumɓu, da tsohuwar igiya, da wani abu mai kama da gansakuka. Ba ta taɓa jin warin nan ba a iya saninta, amma cikinta ya amsa shi.

Baba ya tsaya cak. Ya dawo a hankali, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen kankaren ba tare da ya nemi a riƙe shi ba. Ya kai fuskarsa bakin ramin ya shaƙa, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka.

"Ruwan ya ja baya," in ji shi. "Bana sai an ƙara igiya."

Ya miƙe da kansa. Ya ba ramin baya, ya fuskanci gabas, ya kama tafiya. Ba tafiyar tsohon da ta tallafo ba ce, tafiya ce ta magidanci da ya taso daga aiki. Titi yana bayansa, bai ko waiwaye shi ba. Auta ta bi shi da sassarfa. Da ya zo daidai wani shagon sayar da magani sai ya ɗaga hannu ya ce wa bangon, "Maƙeri, sannu da wuta." Ya ɗan saurara, ya yi dariya. "Kai dai ba ka rabo da tsiya." Ya karkata ya shiga wani siririn lungu tsakanin shagon maganin da na masu gyaran waya. Auta ta sha wucewa ta wurin, ba ta taɓa lura akwai lungu ba. Yana tafe yana shafa katangar da tafin hannu. A ƙofar farko ya tsaya.

Ƙaramin shago ne, an saki labule mai furanni a ƙofar, ana jin ƙarar keken ɗinki daga ciki. Baba ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe. Ya gyara hula, ya rusunar da kai.

"Salamu alaikum."

Keken ya tsaya. Muryar mace ta fito daga bayan labulen. "Wa alaikumus salam. Shigo mana."

Auta ta ga kafaɗun Baba sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Ya ɗaga labulen ya shiga. Ta matsa bakin ƙofar ta leƙa. Mai ɗinkin mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a kan hanci da tef ɗin awo a wuya, yadudduka jibge a gefenta. Ta dubi tsohon da ya shigo mata ba takalmi, ta dubi Auta. Auta ta haɗa tafin hannayenta biyu, ta taɓa gefen kanta da yatsa. Matar ta gyaɗa kai. Sannan ta kwashe yadin da ke kan wata kujera ta tura masa.

"Zauna, Baba. Sannu da zuwa."

"Na daɗe, ko?" in ji shi yana zama. "Jama'a ce ta yi yawa a rijiya. Akwai abin taɓawa? Yunwa nake ji."

Matar ta jawo kwanon abincinta daga ƙarƙashin teburin ɗinki ta buɗe masa. Ya wanke hannu a kofin da ta miƙo, ya fara ci, loma bayan loma, har yana gyaɗa kai. Auta ta jingina da bango tana kallon maƙogwaronsa yana motsi. Rabonsa da cin abinci haka tun kafin Yaya ya kawo kwaɗo. Sai da ya kusa cinyewa ta yi ƙarfin halin yin magana.

"Baba, in ka gama sai mu tafi gida."

Ya ɗago ya dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa 'yar maƙwabta mai hankali.

"Yarinya, har yanzu kina nan? Na gode da rakiya, Allah ya yi miki albarka. Koma kada a neme ki. Ki gai da mutanen gidanku."

"Baba, ni ce fa. Auta."

Ya ɗora yatsa a leɓe da sauri. "Yi a hankali." Ya juya wurin mai ɗinkin, ya rage murya. "Ina Auta? Ta yi barci?"

Mai ɗinkin ta dubi Auta ta saman tabarau, tana jiran a gaya mata abin da za ta ce. Daga bakin lungun ana jin motoci suna wucewa da gudu, babu mai yin hon, babu mai taka birki. Auta ta gyaɗa mata kai.

"Ta yi barci," in ji matar.

"Madalla. Kada a tashe ta, jiya ba ta bar mu mun runtsa ba."

Wayar Auta ta fara ƙara a cikin jaka. Yaya ne. Baba ya ɗaure fuska ya dubi ƙofar. Ta yi maza ta danne wayar ta kashe, ta saki labulen a hankali. Ta zauna a kan dakalin ƙofar, kusa da takalmansa, ta rungume jakar a ƙirji, tana jan numfashi sannu sannu don kada a ji ta daga ciki.